Yadda birkin motar lantarki ke aiki, da abin da titunan New York ke nunawa game da shi

A watan Oktoban 2023, hukumar da ke kula da motocin haya a birnin New York na Amurka, wadda aka fi sani da TLC, ta amince da wata ƙa'ida da ta tanadi cewa nan da shekarar 2030 duk fasinjan da manyan kamfanoni irin su Uber da Lyft za su ɗauka a birnin, sai dai a ɗauke shi a motar da ba ta fitar da hayaƙi, ko kuma wadda mai keken guragu zai iya shiga. Ita ma hukumar sufuri ta MTA, mai motocin bas kusan 5,800, ta ɗibar wa kanta wa'adin shekarar 2040 domin sauya su baki ɗaya da marasa hayaƙi.

Ma'anar wannan ita ce dubban direbobi, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma mazauna unguwannin Bronx da Harlem waɗanda da tuƙi suke riƙe iyali, za su bar motar fetur su koma ta lantarki. Mafi yawan muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan batir da wurin caji da farashi. Sai dai abin da direba ke fara cin karo da shi yana ƙarƙashin ƙafarsa: da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ya ji motar ta rage gudu kamar an riƙo ta ta baya, alhali bai taɓa birki ba.

Dalilin haka shi ne motar lantarki birki biyu gare ta. Akwai tsohon birki na guga da kowane bakanike ya sani, akwai kuma birkin da injin motar da kansa yake yi, wanda ke mayar da wuta cikin batir. Sanin yadda suke raba aiki a tsakaninsu, da lokacin da ɗaya ke janye jiki ya bar wa ɗayan, batu ne da ya shafi aljihun direba da kuma ran mai tsallaka titi.

Ina ƙarfin gudu yake tafiya idan mota ta tsaya?

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma a ilimin kimiyya ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Tsayar da mota yana nufin a kwashe wannan ƙarfi a kai shi wani wuri.

A motar fetur, zafi yake komawa. Idan direba ya taka birki, man birki da ke cikin siraran bututu yana kai matsin ƙafarsa zuwa ƙafafun motar huɗu, inda takalman birki ke matse wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Gugar da ke tsakaninsu ce ke rage gudu. Faifan ya ɗauki zafi, iska kuma ta kwashe shi. Shi ya sa ake jin ƙaurin birki idan babbar mota ta sauko daga gangare mai tsawo. Man da aka ƙona aka samu wannan gudu ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi.

Lissafi kaɗan zai nuna girman asarar. Tun watan Nuwamban 2014 iyakar gudu a yawancin titunan New York mil 25 ce a sa'a, wato kimanin kilomita 40. Mota mai nauyin kilogiram 2,000 da ke tafiya a wannan gudu tana ɗauke da ƙarfin da zai iya kunna ƙwan lantarki mai wat 10 na sama da sa'a uku. Idan aka ɗauka direban tasi ya tsaya cak daga wannan gudu sau 300 a yini, ya zubar da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 10 na mitar wutar gida.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowane direba ya riƙe. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin motsi yana ninkawa ne sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana bai wa birkinta aikin da ya ninka na mai gudun kilomita 40 har sau huɗu.

Injin da ke rikiɗa ya zama janareta

Wanda ya taɓa hawa keken da ke da fitila mai dainamo ya riga ya san asalin dabarar. Da zarar an jingina dainamon da taya, fitila ta kama, sai tuƙin keken ya ƙara nauyi. Wannan nauyi shi ne farashin wutar da ake samarwa, domin daga gudun keken ake zare ta.

Tun a 1831 masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya nuna cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki na gudana a cikin wayar. Injin lantarki da janareta a kan wannan tushe aka gina su, kuma kusan abu ɗaya ne. Idan aka ba shi wuta sai ya juya, idan kuma aka juya shi sai ya ba da wuta.

A lokacin tafiya, wuta na fitowa daga batir ta bi ta cikin na'urar inbata, wadda ke sauya ta zuwa irin wadda injin ke buƙata, injin kuma ya juya tayoyi. A lokacin rage gudu sai lamarin ya juye. Tayoyin da ke gudu su ne ke juya injin, injin ya samar da wuta, inbata ta mayar da ita irin wadda batir ke karɓa, ta zuba a cikinsa. Injin ba ya juyawa baya kamar yadda wasu ke zato. Yana ci gaba da juyawa inda ya dosa, amma maimakon ya tura tayoyi gaba sai ya riƙa turje musu. Wannan turjiya ita ce birkin, kuma babu wani ƙarfe da ke gogar ɗan uwansa a cikinta.

Ba duk ƙarfin ne ke komawa batir ba. Wani ɓangare yana salwanta a matsayin zafi a cikin inji da inbata da wayoyi da shi kansa batirin, ban da wanda iska da gugar taya da kwalta suka riga suka cinye. Don haka babu motar da za ta riƙa cajin kanta har abada ta hanyar birki. Abin da ake samu shi ne ceto kaso mai tsoka na abin da a da ake zubarwa.

Tsohuwar dabara mai tarihi a New York

Duk da ana kallon wannan birki a matsayin sabuwar fasaha, shekarunsa sun haura ɗari. Injiniya Frank J. Sprague, wanda ya taɓa aiki tare da Thomas Edison, ya kafa kamfaninsa a New York a 1884, kuma a 1886 kamfanin ya fito da hanyar mayar da wuta cikin layi a lokacin da jirgin lantarki ke rage gudu. Shi ne kuma ya gina layin taragon lantarki na birnin Richmond da ke jihar Virginia a 1888, wanda ya zama abin koyi ga sauran birane.

Motocin haya masu inji na farko a New York ma na lantarki ne. A 1897 aka fara da guda 12, masu ɗauke da batura masu nauyin gaske. Tun a lokacin batun gudu da tsayawa ya fara ɗaukar hankalin hukuma. A watan Mayun 1899 wani ɗan sanda a kan keke ya kama direban tasin lantarki mai suna Jacob German a titin Lexington bisa laifin gudun mil 12 a sa'a, wato kimanin kilomita 19. A ranar 13 ga Satumban shekarar, wata tasin lantarki ta buge Henry Bliss yana saukowa daga tarago a mahaɗar titi na 74 da Central Park West, ya rasu washegari. Shi ne mutum na farko da tarihi ya rubuta cewa mota ta kashe a Amurka.

Bayan motar fetur ta mamaye tituna, dabarar ta ci gaba da rayuwa a kan layin dogo. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York da aka fara sakawa tun daga shekarar 2000 suna mayar da wuta cikin dogo na uku, wanda ke ba su lantarki, duk lokacin da suka doshi tasha. Sharaɗin shi ne a samu wani jirgi a kusa da ke jan wuta a daidai wannan lokaci. Idan babu mai karɓa, sai a ƙone ta ta zama zafi. Motar lantarki ta fi sa'a, domin tana tafe da rumbunta.

A kan titi kuwa, motar Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, mai haɗa fetur da lantarki, ita ce ta kai wannan birki hannun jama'a da yawa. A 1998 MTA ta fara gwajin motocin bas masu haɗa dizal da lantarki, sannan a 2005 irin waɗannan motoci masu haɗi suka shiga sahun tasi masu launin ɗorawa na birnin.

Wane ne ke raba aiki tsakanin birki biyu?

A yawancin motocin lantarki, idan direba ya taka fedar birki, umarninsa kwamfuta yake fara isa. Na'urori suna auna zurfin takun da saurinsa, kwamfuta ta lissafa yawan rage gudun da ake nema, sannan ta tambayi inji da batir nawa za su iya ɗauka. Abin da ya rage sai ta ɗora wa birkin guga ta hanyar matsa man birki. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido, kuma rabon yana sauyawa tun daga fara taka birki har zuwa tsayawa.

Gwanintar injiniyoyi ita ce kada direba ya ji wannan miƙa hannu. Idan aka samu ɗan jinkiri tsakanin janyewar inji da shigowar birkin guga, direba zai ji kamar motar ta kuɓuce na ɗan lokaci. Irin wannan ne ya sa a watan Fabrairun 2010 kamfanin Toyota ya janye motoci kimanin 400,000 a duniya, akasarinsu Prius, domin gyara manhajar birkinsu, bayan direbobi sun koka cewa birkin na ɗan saki a kan hanya mai gargada ko santsi.

Akwai wani bambanci kuma. A motar fetur, zuƙar iskar da inji ke yi ce ke taimaka wa ƙafar direba, shi ya sa birki ke yin tauri idan mota ta mutu a kan hanya. Motar lantarki ba ta da wannan zuƙa, don haka ake sa mata ƙaramin famfo ko ƙaramin injin lantarki da ke ƙara wa takun ƙarfi. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan na'ura mai suna iBooster a 2013. Ƙaramin batir na motar ne ke ba ta wuta, ba babban da ke tuƙa tayoyi ba. Idan wutar ta ɗauke, an tsara motocin ta yadda za a iya tsayar da su, sai dai direba zai taka da ƙarfi sosai kuma tazarar tsayawa za ta ƙaru.

Tuƙi da feda ɗaya

Motoci da dama suna bai wa direba damar zaɓar ƙarfin birkin inji. A mataki mafi ƙarfi, totur kaɗai ya isa yawancin tuƙin cikin gari: a danna mota ta tafi, a sassauta ta rage gudu, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya ta tsaya. Kamfanin Nissan ya sa wa tsarinsa suna e-Pedal lokacin da ya fito da sabuwar Leaf a 2017, kuma motocin Tesla da Chevrolet Bolt suna da makamancinsa.

A cunkoson Manhattan wannan sauƙi ne ga ƙafar da ke wuni tana kai da komo tsakanin feda biyu. Amma kowane allazi da nasa amanu. Direban da bai saba ba yakan ɗaga ƙafa lokaci guda kamar yadda ya saba a motar fetur, sai fasinja ya riƙa rinjaya gaba da baya har wani ya ji jiri. Maganin haka shi ne sassauta ƙafa a hankali.

Matsala ta biyu ta shafi na baya. Mota na iya rage gudu sosai ba tare da an taka birki ba, don haka dole kwamfuta ta kunna jajayen fitilun baya da kanta idan raguwar gudun ta kai wani mizani. A 2023 ƙungiyar kare masu saye ta Consumer Reports ta nuna cewa wasu motocin lantarki da ake sayarwa a Amurka ba sa kunna fitilun yadda ya kamata a irin wannan yanayi.

Ta uku kuwa ita ce sabo. Ƙafar da ta daɗe ba ta je kan birki ba tana iya yin jinkiri ranar da yaro ya ɓullo daga tsakanin motoci. A lokacin gaggawa, fedar birki ce mafita.

Inda birkin inji ke janye jiki

Akwai yanayi guda biyar da birkin inji ke raguwa ko ya ɗauke, kuma a dukkansu tsohon birki ne ke ɗaukar nauyin. Da ma da tsohuwar zuma ake magani.

Na farko, idan batir ya cika. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙarin ruwa. Direban da ya yi caji har ɗari bisa ɗari zai ji motar ba ta riƙe kanta kamar jiya, har sai cajin ya ɗan sauka.

Na biyu, sanyi. A watannin Janairu da Fabrairu ma'aunin zafi a New York yakan sauka ƙasa da sifili, kuma batirin lithium mai sanyi ba ya karɓar wuta da sauri ba tare da ya lalace ba. Kwamfuta kan taƙaita birkin inji har sai batirin ya ɗumama, kuma motoci da yawa suna nuna alamar haka a allon gaban direba. Zafi mai tsanani ma yana sa a taƙaita shi.

Na uku, tafiyar hawainiya. Yayin da juyin taya ke raguwa, wutar da inji ke iya samarwa ma tana raguwa. Dab da tsayawa, ko dai birkin guga ya ƙarasa aikin, ko kuma injin ya ci wuta daga batir domin ya riƙe motar.

Na huɗu, birkin gaggawa. Tsayar da mota mai kilogiram 2,000 daga gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa uku yana buƙatar a kwashe ƙarfin da ya haura kilowat 500 a farkon takun. Yawancin motocin gida ba sa iya mayar da ko rabin wannan cikin batir. Faifai da takalma huɗu ne ke iya shanye shi.

Na biyar, santsi. Inji yana riƙe tayoyin da yake tuƙawa ne kawai, kuma a motoci da yawa biyu ne. A kan dusar ƙanƙara ko jiƙaƙƙiyar kwalta, riƙe tayoyin baya kaɗai na iya sa mota ta juya. Da zarar na'urori sun ji taya ta fara zamewa, kwamfuta na rage birkin inji ta miƙa ragama ga tsarin ABS, wanda ke matsawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa guda a kowace taya domin kada ta kulle.

Ko a gasar tseren motocin lantarki ta Formula E, wadda aka riƙa gudanar da zagayenta a unguwar Red Hook ta Brooklyn tsakanin 2017 da 2022, ba a rabu da tsohon birki ba. Samfurin motar da aka fara tsere da shi a 2023 yana iya mayar da wuta har kilowat 600, kuma inji ne ke yi masa birkin baya, amma faifan gaba na nan daram.

Me ya sa birni ne ya fi cin riba?

Taswirar Manhattan da aka zana a 1811 ta yanka tsibirin gida-gida, ta yadda mai tafiya daga kudu zuwa arewa ke cin karo da mahaɗa kusan kowane mita 80. Birnin na da mahaɗu fiye da 13,000 masu fitilun ba da hannu. Motar bas ma ba ta yin nisa sai ta tsaya sauke fasinja.

Irin wannan tafiya ta tashi-tsaya ita ce ta fi shan mai a motar fetur. A motar lantarki kuwa, kowace tsayuwa dama ce ta maido da wani abu. Shi ya sa motocin lantarki da yawa suka fi yin nisa da caji ɗaya a cikin gari fiye da kan babbar hanya, akasin abin da aka saba gani a motar fetur. A babbar hanya tsayuwa kaɗan ce, kuma iska ce ke cinye ƙarfin, ita kuwa ba ta mayar da abin da ta ci.

Duk da haka, direban da ya hangi jar fitila tun daga nesa ya sassauta da wuri ya fi wanda ya zo a guje ya dogara da birkin inji tanadin wuta, domin kowane zagaye na fita da komawar wuta yana da asara.

Birkin da ba a amfani da shi yana tsatsa

Tun da inji ne ke yin yawancin aikin, takalman birki sukan daɗe ba a sauya su ba. Wannan ragi ne ga mai motar haya. Amma daɗewar tana da tarko. A motar fetur, gugar yau da kullum ce ke share tsatsa daga fuskar faifai. Idan gugar ta yi ƙaranci, ga ruwan sama, ga gishirin da ake watsawa a titunan New York lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, sai faifai ya yi tsatsa, maƙallan da ke matse takalma su cije. Takalmin na iya kasancewa da kauri kamar sabo alhali birkin ya raunana.

Saboda haka ne Tesla ke shawartar masu tuƙi a yankunan da ake watsa gishiri da su riƙa tsaftace maƙallan birki suna shafa musu mai duk shekara. Volkswagen kuwa ya koma wa birkin ganga, wanda ke rufe ruf, a ƙafafun baya na motocinsa ID.3 da ID.4. Man birki ma yana zuƙar danshi daga iska ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma man da ya sha ruwa yana iya tafasa idan birki ya yi zafi, feda ta nutse. Dokar jihar New York ta wajabta duba lafiyar mota duk wata 12, har da birki, kuma motar lantarki ba ta tsira daga wannan ba.

Ƙarancin guga yana da amfani ga huhu. Ƙurar da takalman birki ke fitarwa tana cikin ƙananan ɓurɓushin da ke gurɓata iskar birane. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da ƙa'idar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga wannan ƙura: miligiram 3 a kowace kilomita ga ƙananan motocin lantarki, 7 kuma ga sauran.

Nauyi da rashin ƙara

Batir yana ƙara wa mota nauyi, nauyi kuma yana ƙara wa birki da taya aiki, yana kuma ƙara munin karo. Motar GMC Hummer ta lantarki ta haura kilogiram 4,000. A watan Janairun 2023 shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta nuna damuwa kan haɗarin da irin waɗannan motoci masu nauyi ke da shi ga sauran masu amfani da hanya. Komai ƙwarewar birki, riƙon da taya ta yi wa kwalta shi ne iyakarsa.

Ga kuma shiru. Mai tafiya a ƙasa, musamman makaho, da kunne yake gane mota na zuwa ko tana tsayawa. Dokar Amurka ta wajabta wa sabbin motocin lantarki da masu haɗi su riƙa fitar da wani sauti idan suna tafiya ƙasa da kilomita 30 a sa'a ko suna ja da baya. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta buƙaci sabbin ƙananan motoci su zo da birkin gaggawa mai taka kansa idan ya hangi mota ko mutum a gaba, daga watan Satumban 2029.

Darasi ga direban Kano da Maradi

Waɗannan motoci sun fara isa ƙasar Hausa. A watan Fabrairun 2021 hukumar ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt a Amurka, ta ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki da aka harhaɗa a Legas. A watan Afrilun shekarar aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi fice wajen haɗa ƙananan motocin bas na lantarki. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara jawo hankali ga motocin lantarki da masu haɗi, waɗanda da yawansu na hannu ne daga Amurka.

Cunkoson Kano zai ba da irin ribar da cunkoson Manhattan ke bayarwa. Haɗarin kuwa kamanninsa daban ne. Direban da ya cika batir ɗinsa fal a Jos sannan ya nufi gangaren Hawan Kibo zai iya tarar da birkin inji ya ɗauke a daidai inda ya fi buƙatarsa, ga shi babu giyar da zai sauko da ita kamar a motar fetur. Hikima ita ce a bar wa batir sarari kafin doguwar gangara.

Mai sayen motar da ta yi rayuwa a jihohin da ake watsa gishiri ya kamata ya sa a cire tayoyi a duba faifai da maƙallai da bututun man birki, kada ya tsaya ga kaurin takalma. Yana da kyau lokaci zuwa lokaci a samu fili marar jama'a a taka birki da ɗan ƙarfi domin share faifai, musamman da damina. Idan motar ta lalace, masu ƙera ta suna ba da shawarar a ɗora ta a kan babbar mota, domin jan ta da igiya tayoyi na juyawa yana sa injin ya samar da wutar da za ta iya lalata na'urori.

Ga kanikawa kuma, sauya takalma da faifai bai bambanta da wanda suka sani ba, amma zuƙe iska daga bututun birki a motoci da yawa sai da kwamfutar gwaji. Wayoyi masu launin ruwan lemo da ke ƙarƙashin motar suna ɗauke da wutar da ta kai bolt 400, a wasu ma 800, kuma ba a taɓa su sai wanda ya samu horo ya kashe layin tukuna.